Muryar Baba a Fim ɗin Gashin Baki

"Saurara da kyau, Khairiya! Ji mijin da kika zaɓo mana!"

Baffa Garuba ya ɗora wayarsa kan turmi a tsakar gida, hannunsa duk maiƙon nama, don daga rumfar fawa ya taso. Mma ta tsame hannu daga wanke-wanke. Ni kuwa na matso kusa, ya danna.

Muryar Fayçal ce, saurayina da ke gabatar da shirin fina-finai a wata radiyo a Dapaong, wanda danginsa suka kawo goron tambaya watan jiya.

"Masu saurare, wannan fim ai abin dariya ne! Kada na roba, gashin baki na manne... Amma wanda ya fi ba ni dariya shi ne mutumin da ya sa masa Hausa. Maƙaryaci ne na ƙarshe! Ko kalma ɗaya bai ji daga bakin Turawan ba."

Sai ya kwashe da dariya, wata mace tana taya shi.



Mutumin da ya sa wa fim ɗin Hausa babana ne.

Marigayi Sharifuddeen mai gidan bidiyo, duk zangon Sokodé an san shi. Tsayawa yake gefen talabijin da lasifika a hannu, Turawa na magana shi kuma yana faɗa wa mutane abin da ya ga dama. Fim ɗin wani ɗan leƙen asiri ne ya yi masa suna, wanda ya laƙaba wa Alhaji Gashin Baki. Mutum ne da ke dirowa daga jirgin sama da zanen tebur, ya sauka bai ko zubar da shayinsa ba. An naɗi muryar Baba a kaset, daga baya ta koma faifai, ta zaga har Cinkassé. Ba hotonsa muke kallo ba idan kewarsa ta taso mana, wannan faifan muke sawa.

"Baffa, bai sani ba..." na ce.

"Bai sani ba? To ni na sani! Yayana yana kabari, yaron da ko aski bai iya ba ya kira shi maƙaryaci duniya tana ji? Gobe goronsu zai koma!"

"Mma, ki sa baki..."

Mma ta share ido da gefen zani ta shige ɗaki, kuma hakan ya fi faɗan Baffa yi mini ciwo.

Kafin la'asar zango ya ɗauka. A rumfar mai shayi aka rabu gida biyu. Samari na cewa gaskiya ɗan radiyo ya faɗa, ana ganin zaren da ake jan bakin kadan da shi. Dattawa na cewa su zaren ma suke so, kuma yaran yanzu da fina-finansu masu fashe-fashe ba su san daɗi ba. Wani har ya rantse kadan na gaske ne, rashin lafiya ce ta sa ya yi laushi.

Da a kan uban wata ne, da ni ma na yi dariya.

Washegari na roƙi Baffa ya jinkirta, na hau motar Dapaong. Muka wuce Kara, muka wuce Mango, Fayçal na ta kiran wayata, ban ɗaga ba.

A ƙofar radiyo na same shi, idonsa jawur.

"Khairina..."

"Kar ka kira ni haka!"

"Wallahi ban sani ba, hasken idona! Kin ce mini Baba yana da gidan bidiyo, ba ki ce shi ne mai muryar ba. Babu suna a jikin faifan."

"Wa ya kawo maka faifan?"

Ya sunkuyar da kai.

"Hamida..."

Hamida abokiyar aikinsa, wadda dariyarta na ji a shirin. A layinmu ta girma. A cinyar babana ta sha kallon fim ɗin nan kyauta. Na daɗe da lura da irin kallon da take wa Fayçal, ina ba kaina haƙuri. Sai ga ta ta fito da makullin babur a hannu, tana murmushi.

"A'a, amarya! Bonjur. Ke ce da rana haka?"

"Ke kika tura wa Baffa shirin?"

"Ni fa ra'ayi kawai na nemi jin nasa. Ai shi ma masoyin fim ɗin ne."

Ta tayar da babur ta tafi abinta. Fayçal ya bi ta da kallo, yana cizon leɓe.

"Yau ɗin nan zan shiga emisiyon, shirina na radiyo," ya ce. "In ce fim ɗin ya fi kowane fim kyau, in ce fassarar daidai take."

"Za ka yi ƙarya ke nan?"

"Don ke zan yi komai!"

"Fayçal, na san kadan roba ne. Baba ma ya sani, shi yake fara dariya. Na san bai ji Turanci ba. Amma maƙaryaci? Mutumin da mahauta da 'yan dako ke zuwa wurinsa a gajiye su fita suna riƙe ciki?"

Kuka ya ƙwace mini.

"Ina son ka, wallahi ina son ka... Amma ba zan zauna da mutumin da duk ranar da na sa muryar ubana zai danne dariya ba."

Na juya, ya kira sunana har na sha kwana, ban waiga ba.

Ranar Lahadi da rana sai ga shi a Sokodé, shi kaɗai, ba kawu ba aboki. Ya cire takalmi ya durƙusa gaban Baffa a rumfar fawa.

"Baffa, na yi kuskure. A yafe mini."

Baffa ya ci gaba da wasa wuƙa kamar bai ji ba. Can ya ɗago.

"Ka ce kai ka ji abin da Turawan ke faɗa?"

"E, Baffa."

"To zo ka faɗa mana."

Aka fito da talabijin tsakar gidanmu, aka yafa tabarma a kai don tare haske. Kafin a gama haɗa waya gidan ya cika maƙil, dattawa a gaba, samari a kan katanga. Baffa ya sa faifan, ya kashe sautin gaba ɗaya, ya miƙa wa Fayçal tsohuwar lasifikar Baba.

Ina laɓe a bayan labule.

Ya fara. Ya san fim ɗin na asali sarai, Hausarsa kuma tsaf, ta radiyo. Ya bayyana sunan ma'aikatar da ta aiko ɗan leƙen asirin, da takardun da aka sace, da dalilin da ya sa mugun fim ɗin yake son daskarar da teku. Duk gaskiya ne. Wani dattijo ya yi hamma. Yara suka zame waje. Samarin da suka goya masa baya ma suka koma latsa waya.

Gumi ya jiƙa masa riga.

Aka zo wurin kadan. Alhaji Gashin Baki ya faɗa ruwa, kadan ya buɗe baki, zare na reto. A nan ne gidan bidiyo ke tashi da ihu, shekara da shekaru. Fayçal ya ce, "A nan ba su ce komai ba."

Tsit, ba wanda ya motsa.

Ya dubi fuskokin mutane, ya dubi lasifikar da ke hannunsa. 

"Baffa... ba zan iya ba. Fim ɗin nan babu komai a cikinsa. Duk abin da kuke so a ciki, shi ya zuba. Don Allah a mayar da muryarsa, ina so in ji yadda ya yi da wurin nan."

Baffa ya miƙa hannu ya murɗa sautin.

"Kai kada! Bari in cire agogo tukuna, na aro ne!"

Muryar Baba ta cika gidan. Aka fashe da dariya, dattawa na dukan cinya, Mma na dariya hawaye na bin kumatunta. Fayçal ma ya tuntsire, sai ya yi sauri ya toshe baki, yana neman idona a tsorace.

Na ɗaga labulen, na gyaɗa masa kai.

Baffa ya goge ido da bayan hannu, ya matsa gefe a kan benci.

"Zauna nan kusa da ni, kana tare wa mutane. Khairiya! Kawo wa mijinki ruwa, ya sha wuya."