Takardar da Jarell Ya Ɓoye

Shekara biyu Jarell Tillery yana riƙe da matsayin mai jifa a ƙungiyar ƙwallon Amurka ta kwalejinsu, a wani ƙaramin gari na kudancin jihar Jojiya, a Amurka. A wannan wasa, mai jifa shi ne kai. Shi ake fara miƙa wa ƙwallo. Ya jefa, ko ya ba wani, ko ya ruga da ita. Mutum goma sha ɗaya ne ke shiga fili, amma mai jifa ɗaya ne tak.

Jarell ya saba da matsayin har ya ɗauka gadon gidansu ne. In ya shiga shagon aski, tashi ake a ba shi kujera. Yaran gari suna sa riga mai lambarsa. Kansa ya kumbura, ba kaɗan ba.

Sai ƙungiyar ta sha kashi sau takwas a shekara guda. Kwaleji ta sallami tsohon koci da mutanensa gaba ɗaya. Aka kawo sabo, Koci Pruitt, wani siririn dattijo da ba ya dariya. Ya zo da mataimakansa. Ya kuma zo da wani mai jifa daga can arewa, daga Minnesota, jihar sanyi da ƙanƙara, mai suna Anders Lindgren.

Ranar farko Koci Pruitt ya tara su. Ya ce shi bai san kowa ba, bai kuma san abin da kowa ya yi bara ba. Jarell da Anders za su gwada ƙwazo. Wanda ya fi, shi zai jagoranci ƙungiya a wasan farko na watan Satumba.

Jarell ya yi dariya a ransa. Wannan dogon yaron da rana ke mayar da fuskarsa ja kamar tumatir? Abokan wasa suka sa wa Anders suna Ɗan Ƙanƙara. Kullum sai an tsokane shi.

"Ɗan Ƙanƙara, shiga inuwa kar ka narke mana."

Anders sai ya yi murmushi ya ci gaba da jifa. Abin haushi kuma, jifarsa tana zuwa daidai inda ya nufa. Bai kai Jarell ƙarfin hannu ba, amma ya fi shi natsuwa. Kafin tsakiyar watan Agusta, Jarell ya daina dariya. Tsoro ya shige shi sosai.

Sabon koci yana da nasa tsarin. Ba ya son a tsaya shawara a tsakiyar fili. Kowane ɗan wasa yana ɗaure da 'yar takarda a wuyan hannunsa, cike da lambobi. Koci zai ɗaga lamba daga bakin fili. Kowa ya dubi hannunsa, ya ga inda zai nufa da wanda zai tare. In takardar mutum ɗaya ta bambanta da ta sauran, to shi kaɗai zai bi wata hanya.

Aka sa ranar Asabar don gwaji na ƙarshe. A horo, masu jifa suna sa jar riga, alamar kada kowa ya taɓa su. Koci Pruitt ya ce ranar Asabar babu jar riga. Yana so ya ga wanda zai tsaya in ƙarti sun taso masa.

Ranar Juma'a da yamma aka raba sababbin takardu. An canza lamba uku a ciki. Anders ba ya nan, yana rubuta jarrabawa. Koci Benavides, mai kula da masu jifa, ya miƙa wa Jarell guda biyu.

"Ga taka, ga ta Anders. Ka ba shi hannu da hannu, ka ji?"

"To, Koci."

Jarell ya je ɗakin canza kaya. Ya tsaya a gaban lokar Anders, akwatin da yake ajiye kayansa. Ya dubi takardar, ya dubi ƙofa. Babu kowa. Ya ce a ransa ai ba wani abu ba ne. Anders zai yi kuskure sau ɗaya ko biyu, a yi masa dariya, koci ya ga bai iya ba. Ya tura takardar can ƙasan jakarsa, ya ja zif.

Asabar ta zo da zafi. Aka raba ƙungiyar gida biyu don su kara da juna. Jarell ne ya fara shiga, ya kuma yi abin kirki. Sai aka kira Anders. Lambar farko ba ta cikin waɗanda aka canza. Ta biyu ma haka. Sai koci ya ɗaga goma sha bakwai.

A sabuwar takarda, goma sha bakwai tana nufin kowa ya yi dama. A tsohuwa, hagu ne. Masu kare Anders suka kwasa dama gaba ɗaya. Shi kuwa ya karɓi ƙwallo ya juya hagu, shi kaɗai.

A can Mosley na ɗaya ɓangaren yake, ƙaton da ya fi kowa nauyi a ƙungiyar. Ya taho a guje, babu wanda ya tare shi. Ya yi sama da Anders ya faɗo a kansa. Har daga bakin fili Jarell ya ji ƙarar abin da ya karye.

Babu wanda ya yi dariya. Anders yana kwance, ƙafarsa ɗaya tana motsi. Mosley ya cire hular kwanonsa ya durƙusa, yana ta cewa bai yi da gangan ba. Aka zo da ƙaramar mota aka ɗauke Anders. Likita ya ce ƙashin kafaɗarsa ta dama ya karye gida biyu. Da wannan hannun yake jifa.

Da aka cire madaurin hannunsa, aka ga tsohuwar takarda. Koci Benavides ya zo wurin Jarell, idonsa jajir.

"Ka ba shi?"

"Ban same shi ba, Koci. Na sa masa a loka."

Ƙaryar ta fito masa sumul, har ya ji tsoron kansa. Mutane suka ce sakacin Anders ne, bai duba lokarsa ba. Koci Pruitt ya yi wa Koci Benavides faɗa a gaban kowa, don bai kai takardar da kansa ba. Da yamma aka liƙa suna a allo. Jarell Tillery ne mai jifa.

Ya samu abin da yake so. Amma ko ruwa ya sha, sai ya ji ya tsaya masa a wuya.

Ranar Lahadi ya tafi gida. Mahaifiyarsa direbar motar ɗaukar 'yan makaranta ce, mace mai kaifin ido. Ta dawo daga coci ta soya kaza, ta gasa burodin masara, don murna. Jarell ya yi ta juya cokali a faranti. Ta ɗauki jakarsa ta zazzage kayan wanki.

Can ta dawo da takarda a hannu. A samanta an rubuta LINDGREN da manyan baƙaƙe.

"Wannan ba sunan yaron da ya karye ba ne?"

"Tsohuwa ce, Mama. Ta shiga kayana ne kawai."

Ta ja kujera ta zauna. "Jarell, yara arba'in nake ɗauka kowace safiya. Ta madubi kawai nake gane wanda ya yi ƙarya. Kai kuma ni na haife ka. Ɗago ka dube ni."

Ya kasa. Sai kuka ya ƙwace masa, ƙato da shi. Ya faɗa mata komai.

"Ni so nake kawai a yi masa dariya, Mama. Ban so ya karye ba."

"Na yarda," in ji ta. "Amma ƙashin da ya karye bai san abin da ka nufa ba."

Ya ce in ya faɗa, za a kore shi. Ta ce mai yiwuwa ne. Ta ce ba za ta kira kocinsa ba, don shi ba ƙaramin yaro ba ne. Amma ita ba za ta zauna cikin jama'a tana yi masa tafi a kan abin da ya sata ba. Ta ajiye takardar a gefen farantinsa ta koma wankinta.

Da safiyar Litinin Jarell ya ƙwanƙwasa ƙofar Koci Pruitt. Ya ajiye takardar a kan tebur, ya faɗi abin da ya yi. Bai rage komai ba.

Kocin ya ɗauki takardar ya duba. Sannan ya aika a kira Koci Benavides, ya ba shi haƙuri a gaban Jarell. Sai ya juyo.

"Da ni na gano da kaina, yau za ka kwashe kayanka. Tunda kai ka kawo kanka, za ka zauna. Amma an cire sunanka. Wasa shida ba za ka sa ƙafa a fili ba. Kuma da bakinka za ka faɗa wa ƙungiya."

Faɗa wa ƙungiya ya fi komai ciwo. Ya tsaya a gabansu ya faɗa. Mosley ne kaɗai ya yi magana. Kwana biyu ke nan bai iya cin abinci ba.

"Da hannuna ka karya shi," ya ce. "Ni ka sa na yi maka aikin."

Daga ranar babu mai zama kusa da Jarell a ɗakin cin abinci.

Saura Anders. Jarell ya same shi a ɗakinsa, hannu a rataye a wuya. Anders ya saurara har ƙarshe, fuskarsa ba ta motsa ba.

"Na ɗauka ni na yi sakaci," ya ce a hankali. "Har na ba mahaifina haƙuri a waya. Fita."

Jarell ya fita. Washegari ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce zai ɗaukar masa jaka zuwa aji. Anders ya wuce shi kamar bango. Haka aka yi mako biyu. Ranar nan jakar ta zame daga kafaɗar Anders, littattafai suka watse a kan matakala. Jarell ya tsince su. Anders bai ce na gode ba, amma bai karɓe jakar ba. Daga nan Jarell ya riƙa rubuta masa darasi, tunda hannun hagu ba ya rubutun kirki.

A fili kuwa abin ba daɗi. Wani ɗan shekarar farko aka sa ya riƙa jifa. Aka ci su wasa huɗu cikin shida. Labari ya bazu a gari. Jarell yana zaune a benci, mutane suna yi masa ihu daga baya. Mahaifiyarsa tana zuwa kowane wasa ta zauna a bayansa. Ita kaɗai ce ba ta jin kunyarsa.

Wa'adinsa ya cika, amma koci bai mayar da shi ba. Jarell bai yi gunaguni ba.

A watan Nuwamba likita ya ce Anders ya warke. Sai dai hannun ya yi sanyi. Ya jefa ƙwallo, ko taku ashirin ba ta kai ba. Ya zauna a ciyawa ya haɗa kai da gwiwa. Jarell ya ɗauko ƙwallon ya miƙa masa, ya ce ya sake. Kullum da yamma, in kowa ya watse, su biyu suke zama. Anders yana jifa, Jarell yana cafewa, yana ƙara ja da baya.

Wata rana ƙwallon ta daki ƙirjin Jarell daga nesa har ya yi tari. Anders ya yi dariya, karo na farko.

"Ban manta ba, Tillery," ya ce. "Amma na yafe maka."

Da wasan ƙarshe ya zo, Koci Pruitt ya ce Anders ne zai fara. Jarell ne na biyu. In wani abu ya sami Anders, shi zai shiga.

Ba a yi minti biyar ba wani ƙato daga ɗaya ƙungiyar ya kutso. Ya kayar da Anders a kan kafaɗar dama. Anders ya kwanta shiru. Koci Benavides ya waiwayo.

"Tillery, ɗauki hularka."

Jarell ya ɗauka. Ga matsayin nan ya dawo masa, babu wanda zai ce ya sata. Amma bai ji ko ɗigon murna ba. Bakinsa ne kawai ke motsi.

"Tashi, Anders. Don Allah ka tashi."

Anders ya juya. Ya dafa ƙasa da hannun dama ya miƙe. Ya girgiza kafaɗar, ya yi wa koci alamar lafiya lau. Jarell ya jefar da hular ya yi tsalle. Muryarsa ta fi ta kowa a filin.

Suka ci wasan da ratar maki uku. Jarell bai taɓa ƙwallo ba ranar, amma bai taɓa jin daɗin wasa kamar wannan ba. Ya gane cewa abin da ka samu ta hanyar cutar wani ba naka ba ne, kuma ba zai bar ka ka sha ruwa cikin daɗi ba. In ka yi laifi, ka faɗi gaskiya ko da za ka yi asara. Tun daga ranar, in Jarell yana son wani matsayi, sai ya neme shi da ƙwazonsa a fili, inda kowa yake gani.