Wanda Ya Cire Faifan Hajiya

"Wannan ba ta mutu ba, Baba, gajiya ce kawai," in ji Injiniya mai gyaran kwamfuta, yana jujjuya 'yar kwamfutar a tafin hannunsa. "Kar ka yarda su sayar maka da ta 'yan wasan gem, mai fitilu kala-kala, fankarta na ƙara kamar injin niƙa. Kai kallo kawai za ka yi a falo. A ƙara mata memori, a sa mata babban faifan ajiya, ta daina tsattsayawa."

Baba Direba a kan sitiyarin tirela ya tsufa, ya kuma san halin makanikai.

"Tsohon faifan fa?"

"Ka bar min shi a bakin aikina, in goge in sayar."

"Na yarda. Amma a falona za ka yi aikin, ina zaune. Ban taɓa barin mota a gareji na tafi ba."

Suka yi musafaha. Washegari Injiniya ya zo gida, ya kwashe abin da ke tsohon faifan ya zuba a sabo. Auta, 'yar Baba mai ɗinki, ita ta riƙe masa fitilar waya.

Abin da ke ciki bai da yawa, amma babu irinsa a ko'ina: bidiyoyin babbar 'yar Baba da ta rasu. Ga ta tana dariya a kicin, ga ta tana tsokanar uwarta. Wayar da aka ɗauke su da ita ta daɗe da lalacewa. Tun da ɓarin jikin Hajiya, matar Baba, ya shanye, maganarta ta sarƙe, daga safe zuwa yamma wannan take kallo daga kan gadon da aka sa mata a falo.

An kwana biyu komai na tafiya sumul. Sai wata safiya Baba ya danna rimot, talabijin da ke haɗe da kwamfutar ta kawo baƙin allo da ɗan farin rubutu. Ya kashe ya kunna. Haka dai. Hajiya ta ɗaga hannunta mai lafiya tana nuni, wani sauti na fita daga maƙogwaronta. Da aka kawo abinci ta kau da kai.

Ya zare wayoyin, ya sa kwamfutar a aljihu, sai shagon Injiniya.

"Aikinka ya tashi."

Injiniya ya kife ta, ya ɓamɓare ƙafafun roba huɗu da ke ɓoye notocin, ya kwance. Ya daɗe yana kallon cikin.

"Baba, babu faifai."

"Ka sake faɗa."

"An cire shi. Ga gurbinsa nan."

"Tsohon fa?"

"Na goge, ya tafi."

Baba ya jawo benci ya zauna.

"Kai ka san darajarsa, kai ka san inda yake. Ka ba ni dalilin da zai hana in ce kai ne."

"Bayan na bar gidanka ta yi aiki ko ba ta yi ba?"

"Ta yi."

"Na sake taka ƙofarka?"

"Ba ka taka ba."

"To. Kuma da ni ne, da memorin zan ɗauka, ga shi nan ba a taɓa ba. Shi ya fi saurin shiga kasuwa." Ya ɗaga noti ɗaya, ya murza tsakanin yatsunsa, ya ɓata fuska. "Wa ya sa wa wannan mai? Ba a sa wa kwamfuta mai. Shi ya sa robar ta ƙi mannewa. Dubi kawunan ma, da sukundireba mai faɗi aka ci su. Ni ba na irin wannan ta'asa."

Injiniya ya mayar da murfi da ƙafafun robar, Baba ya ƙulle notocin a hankici. A hanya yana ta lissafi. Ɓarawon kuɗi ba zai tsaya kwance noti ba, a kan abin da aljihu ke ɗauka gaba ɗaya. Ga kuma batun mai. Mutum ɗaya ya sani da ke shiga falon kullum hannu sharkaf da mai: matar da ke zuwa yi wa Hajiya tausa.

Ya same ta tana naɗe hannun riga za ta fara.

"Jiya wa ke falon nan da ke?"

"Ni da Hajiya. Lafiya?"

Ya miƙa mata kwamfutar. "Buɗe min."

Ta karɓa, ta jujjuya, ta sa farce a gefen murfi, ta danna maɓalli. Ko sau ɗaya idonta bai je kan ƙafafun robar ba.

"Ta ina ake buɗewa?" Sai ta dubi fuskarsa, ta gane. Ta ajiye a hankali. "Sata kake zargina da ita, Baba? Ni da nake ɗaga matarka da hannuna?"

"Tambaya ce."

"Na ji tambayar." Ta ɗauki jakarta, ta shafa kafaɗar Hajiya, ta fita. Kwalbar man tausarta ma ba ta tsaya ɗauka ba.

Ya buɗe kwalbar ya shinshina: man zafi ne, mai hawa kai. Ya kwance hankici ya shinshina notocin. Wannan ba shi da zafi, ba shi da kauri, ba kuma baƙin man mota ba ne. Siririn mai ne, fari kamar ruwa. Yana tsaye da hankicin a hanci sai ya ji keken ɗinki ya tashi a ɗakin baya.

Ya so ƙwarai a ce hancinsa ne ya tsufa.

Auta na kan keke, ta sunkuya. A gefenta ga 'yar kwalbar mai mai dogon baki, ga ƙaramin sukundireba mai faɗi na canza allura. Ya zuba notocin a kan yadin da take ɗinkawa. Ƙafarta ta tsaya.

"Wa ya koya miki kada ki murɗa noti a bushe?"

Ta dubi notocin. Ya amsa wa kansa.

"Ni ne. Tun ranar da na sayo miki keken nan na ce ki ɗiga mai tukuna. Duk gidan nan mu biyu muka ga inda notocin suke, ni da mai riƙe fitila. Kuma wanda ya bar kwamfuta da memori ya ɗauki faifai kaɗai, ba kuɗi yake nema ba. Abin da ke ciki ne ya dame shi. Kin goge?"

"Ban goge ba."



Ta jawo aljihun keken, ta fito da shi a naɗe cikin ƙyalle. Ba ta miƙa ba.

"Baba, wa ke juya Mama?"

"Ke."

"Wa ke mata wanka? Wa ke canza shimfiɗa? Da, idan bidiyon ya tsaya, takan juyo ta dube ni kafin ya dawo. Tun da kuka gyara shi bai ƙara tsayawa ba. Jiya ina ba ta ruwa na tare mata allo, ta sa hannu ta ture ni. Sunan Yaya take iya faɗa. Nawa ya ɓace mata." Ta goge ido da bayan hannu. "Ni ma yayata ce, ina kewarta. Kwana ɗaya kawai na so in ga ko za ta san ina gidan."

"Ta sani?"

"Bango ta kalla tun safe."

Baba ya sunkuyar da kai. Ya yi rigima da 'yan sanda a hanya, ya yi da ɓarayin taya, bai taɓa kama mai laifin da ya kasa haɗa ido da shi ba sai yau. Ya miƙa hannu, ta sa masa.

Kafin la'asar Injiniya ya mayar da faifan, ya goge notocin, bai tambayi inda aka samo shi ba. Dariyar marigayiya ta sake cika falon. Hajiya ta buɗe baki aka ba ta abinci.

In ana maganar riba, Hajiya ta samu 'yarta ta cikin allo, Injiniya ya fita da sunansa fes. Mai tausa ta rasa aiki a kan laifin da ba ta yi ba. Baba ya je har gidanta ba da haƙuri, ta ce ta yafe, amma ba ta dawo ba. Tausar ma ta koma kan Auta. Ita ce ta fi kowa asara: ta gwada, ta kuma ga amsa. Shi kuwa Baba ya gano ɓarawonsa, ya rasa zaman falonsa. Kullum ya ga Auta ta sunkuya tana murza ƙafar uwarta, uwar na leƙen allo ta saman kafaɗarta, sai ya ɗauki hularsa ya fita ƙofar gida.