Sudan Ɗin da Suhail Bai Je Ba

Har yau a gidanmu na Ƙofar Gayan, in ana hirar auren Suhail da Tayyiba, ni ake ɗora wa laifi. Ni da na fi kowa wahala. To, ga yadda aka yi.

Shekara takwas ke nan, lokacin tsohon soronmu na ƙasa yana tsaye, ana dama fura a tsakar gida kullum bayan azahar. Yayata Mariyamu tana share ɗakin ɗanta Suhail, ta ɗaga katifa, sai ga kwalaben kodin sun fi ashirin, duk an shanye. Yaron da babu kamarsa a aikin allurar babbar riga, ashe abin da ke sa hannunsa rawa ke nan.

"Labaran, na shiga uku," ta ce da ni tana kuka. "Gidan Malam Sharfaddeen suna shirin ba mu rana. In suka ji, 'yarsu Tayyiba ta fi ƙarfinmu."

Muka kai shi cibiyar gyaran masu shaye-shaye a Kaduna, likita ya ce wata shida. A mota na yi dabarar da har gobe nake yaba wa kaina: a birnin Zazzau saurayi ba ya ɓacewa sai da dalili, kuma ba dalilin da ake girmamawa kamar karatu. Na sanar a masallacin unguwa cewa Suhail ya tafi Sudan neman ilimi. Aka yi ta sa albarka. Wata tsohuwa har da kawo daddawa a aika masa.

Tayyiba ce kaɗai ba ta yarda ba. Ta tare ni a lungu.

"Kawu, Yaya Suhail da ko fasfo ba shi da shi? Don Allah ka faɗa mini gaskiya."

Na faɗa mata. Ta yi kuka har mayafinta ya jiƙe, sannan ta ce, "Yana samun sauƙi?"

"Yana samu."

"To zan jira shi."

Duk ranar ziyara sai ta ba ni wasiƙa da dambun nama in kai masa. Wasiƙun dai duk sun isa lafiya.

Ya dawo ya murmure, ido fari, hannu ya daina rawa. Na saya masa farar jallabiya da rawani, na koya masa gaisuwar Larabci guda uku. Abu ɗaya na manta: Malam Sharfaddeen da kansa ya yi shekara huɗu a Sudan yana saurayi.

Muna shiga zauren Malam ya rungume Suhail, ya ɓarke da Larabci, fuskarsa cike da murna. Yana tambayar makarantarsu ta da, da masu shayin bakin kogi.

"Allah gafarta Malam," na ce, "jirgi ne ya toshe masa kunne, har yanzu—"

"Kawu, ya isa." Suhail ya cire rawanin ya ajiye a tabarma. "Malam, ban je Sudan ba. Kodin nake sha, shekara biyu. Asibiti aka kai ni. Ba zan karɓi 'yarka da ƙarya ba."

Sai muka ji muryar Tayyiba daga bayan ƙofar cikin gida.

"Baba, na sani tun farko. Kuma shi nake so."

"Ku tashi ku tafi," in ji Malam.

Kwana uku ba a ɗora tukunya a gidanmu ba. Rana ta huɗu ya aiko a kira mu.

"Ƙaryar ta fi kwalbar ɓata mini rai," ya ce da Suhail. "Amma ba kai ka ƙulla ta ba, kai ka kwance ta. Na ba ka shekara guda. Kullum bayan la'asar ka zo nan ka ɗauki karatu, duk wata ka koma wurin likitanka. Kawunka kuwa, kada ya ƙara taka mini zaure."

Shekarar ba ta zo da sauƙi ba. Gwaggonnin Tayyiba suka sa ta gaba da gori, ba ta tanka ba. Sau ɗaya tsofaffin abokai suka kusa jan Suhail, da ƙafarsa ya hau motar Kaduna ya kai kansa wurin likita, ya dawo ya faɗa wa Malam. Ranar da shekara ta cika aka sa rana. Ni daga bakin ƙofa na shaida ɗaurin auren, a tsaye, cikin babbar rigata mafi tsada.

Malam ya rasu bara, Allah ya jiƙansa, bayan ya ga jikoki uku. Ku samari da 'yan mata, shaye-shaye ciwo ne, kuma yana warkewa in an kai shi wurin likita. Haƙurin Tayyiba ne ya tsare wa Suhail gurbinsa, amma gaskiyar da ya faɗa da bakinsa ita ta ba shi mata.