Sunaye Bakwai a Benen Motoci

Ranar Talata, kwana shida bayan Babbar Sallah, na hau Sitt Nuwwara a tashar Safaga da la'asar sakaliya. Tsohon jirgin ruwa ne mai ɗaukar mutane da motoci, an sayo shi daga wata ƙasar sanyi, har yau gargaɗin da ke jikin ƙofofinsa babu mai iya karanta shi a cikinmu. Mutum ɗari tara na zaune a rumfar tasha da barguna da gwangwanayen cuku, masu komawa bakin aiki a Saudiyya. Ba mai hawa sai na sa hannu. Ni ne sufeton hukuma a ranar.

Takardar jirgin ta ce ba ya tashi sai da ma'aikata arba'in da shida. Da ƙasa da haka, in wuta ta kama a tsakiyar teku, ba a samun hannun sauke kwalekwalen ceto.

Mataimakin kyaftin, Ra'afat, ya tarbe ni da shayi a hannu.

"Injiniya Fikri! Kai aka turo? Wa muka yi wa laifi?"

"Tara min mutanenka a benen motoci, da littattafansu."

"Sha shayin mana, Yallaɓai. Mutanen ba narkewa za su yi ba."

Kowa a tashar ya san yadda ake yi. Kamfani yakan tara littattafan shaidar matuƙan da suka bar aiki ko suka mutu. Ranar dubawa a kwaso 'yan dako, a sa musu rigar aiki, a ba kowa suna ya haddace. Sufeto ya kira, su amsa, ya sa hannu, su tuɓe su koma dakonsu. Ni kuwa ina duba hoton da ke littafin, sannan in dubi fuska. Shi ya sa ba a son ganina.

An riga an shigar da manyan motoci, direbobinsu sun fita. Tirelolin lemu ne akasari, a jere har cikin duhu. Wurin na warin dizal da tsatsa da ɓawon lemu. Babbar ƙofar baya a buɗe take, gadarta a kwance kan tasha, rana ta yi ja a bayan duwatsu.

Na ƙirga mutanen da ke layi. Talatin da tara.

"Sauran suna can ciki suna aiki," in ji Ra'afat. "Kira, za su amsa."

Ya aika a kawo masa 'yan dako bakwai tun azahar, kuma a zatonsa sun iso.

Na fara kira. Kowa ya amsa, na dubi hotonsa, na wuce. Da na gama da na talatin da tara, sai Rayyis Shahat, shugaban ma'aikatan bene, dattijo mutumin garin Kina, ya matso kamar zai gyara min allon da nake danne takarda a kai.

"Ɗana," ya ce can ƙasa, "ka sa hannu ko ka ƙi. Amma bakwai ɗin nan kada ka kira su."

"Me ya sa, Baba?"

"'Yan dakon sun ƙi zuwa. A dubawar da ta wuce, kafin su buɗe baki wani ya riga su amsawa. Shekara uku ana kiran sunayen nan ba masu su. Yanzu an samu waɗanda suka ɗauke su."

Ra'afat ya yi dariya. "Rayyis, tatsuniyoyin ƙauyenku kuma? Ka tsufa, wallahi. Kira, Injiniya, rana na faɗuwa."

Doka ta ce a kira kowane suna. Na buɗe littafi na arba'in. Daidai nan ladanin masallacin tasha ya ɗaga murya.

"Abdurradi Hifni."

Ruwa na ɗiga a wani wuri.

"Na'am."

Daga tsakanin tireloli muryar ta fito, kamar ta mai magana da ruwa a baki. Mutum talatin da takwas suka juya a tare, suka bi gadar da gudu, takalmansu na dukan ƙarfe. Shahat kaɗai ya tsaya.

"'Yan iska, ku dawo!" Ra'afat ya yi ihu. Ya juyo gare ni yana murmushin dole. "Salla suka tafi. Ci gaba."

Na ci gaba. Har yau ban san dalili ba, sai dai bakina ya saba gama abin da ya fara. Girgis Bushra. Na'am. Tamam Khalaf. Na'am. Haka har na ƙarshe, Azab Nasrallah.

Suka fito.

Rigunansu na aiki jiƙe suke sharkaf. Warin lemu ya ɓace, sai ƙarnin laka irin wadda anga, ƙarfen tsayar da jirgi, ke fitowa da ita. Suka jeru taku goma daga gare ni. Na dubi hoton farko, na dubi fuska.

Ita ce. Ba kama ba, fuskar mutumin ita ce hoton sak. Fari da baƙi, ba launi. A kumatun hagu ga rabin da'irar hatimin hukuma, shuɗi, har ana karanta haruffan. A goshi ga ƙananan huji biyu inda ƙarfen maƙala takarda ya huda hoton.

Duk bakwai ɗin haka suke.

Ra'afat bai dube su da kyau ba. Abin da ya dame shi kada ni in dube su.

"Arba'in da shida, ka gani?" Ya tafa musu hannu. "Me kuke tsaye kamar gumaka? Maza, ku ɗaure duk abin da ke motsi a benen nan!"

Ya zaro biro daga aljihu, ya nufo ni.

Shi kaɗai ke motsi.

Sarƙar farko ta zo daga sama, ta faɗa masa a kafaɗa. Na ji ƙashin ya karye. Ta biyu ta naɗe cinyoyinsa. Ya faɗi a kan fuskarsa, haƙoransa suka watse a ƙarfe. Huɗu suka ja ƙugiyoyin zuwa zobban da ke ƙasa, ɗaya a kowace kusurwa, yadda ake yi wa tirela. Aiki mai kyau, ba garaje.

"Injiniya!" ya kira. "Rayyis! Don Allah!"

Suka sa ƙarfen jan sarƙa. Ƙas. Ƙas. Ƙas.

A na shida ya daina kira. Ba su daina ja ba.

"Kada ka motsa," Shahat ya ce, leɓunansa ba su buɗe ba. "Ko ido."

Jini ya gangaro ta tsagin ƙarfe, ya taɓa takalmina. Ɗaya daga cikinsu ya sunkuya yana kallon jinin yana tafiya, sarƙa a hannunsa.

"Kai ka kira su," in ji Shahat. "Kai za ka sallame su. Soke sunayen."

Allon yana manne da ƙirjina, birona a kansa. Na bar hannuna a sandare, na motsa yatsu biyu kawai. Na ja layi a kan Abdurradi Hifni.

Rigarsa ta zube ƙasa, ba kowa a ciki, sai ruwan teku ya malale.

Sauran shida suka ɗago kai.

Na biyu. Na uku. Kowace riga na faɗuwa da ƙara kamar an yar da jiƙaƙƙen buhu. Waɗanda suka rage suna takowa, suna neman abin da ya yi motsi. Na huɗu. Ina jin numfashina yana ɗaga allon. Na biyar. Na shida ya zube dab da ƙafata, ruwansa mai sanyi ya shige min safa.

Saura Azab Nasrallah.

Biron ya ƙi rubutu. Takardar ta jiƙe da zufata.

Na girgiza shi.

Ban ga sarƙar ba. Na ji hannuna na dama ya lanƙwashe a inda ba gwiwa. Allon ya yi sama, takardar ta shige ƙarƙashin tirela. Na faɗi. Fuskar ta sunkuyo kaina, hatimin nan a kumatu, idanun ba sa ƙiftawa. Yana lalubar zobe a ƙasa da ƙugiya.

Shahat ya kama wuyan rigata ya ja. Dattijo mai shekara sittin da wani abu, ya ja ni kamar buhun albasa. Ƙugiyar ta shiga dunduniyata. Na yi ƙara. Shahat ya taka ƙarfe ya ƙara ja, naman ya yage, takalmin ya tafi da abin da ya tafi da shi.

Muka faɗa kan gadar.

Azab ya tsaya a bakin ƙofar, daidai layin fenti ruwan ɗorawa inda benen ya ƙare. Bai tsallako ba.

"Benen nan aka ce masa," in ji Shahat, yana haki. "Ma'aikaci ne, ba ya wuce umarni."

Jirgin bai tashi ba. Fasinjojin sun kwana uku a rumfa suna tsine min, da ni da iyayena. Rahoto ya ce sarƙa ce ta tsinke a kan Ra'afat. Sai da aka kawo injin yankan ƙarfe kafin a ɗaga shi. An tsinci riguna shida da littattafai shida. Takardar sunayen ba a gan ta ba, haka littafi na bakwai. Shahat ya koma Kina bai yi wa kowa sallama ba.

Na dawo aiki bayan wata biyar, ina ɗingishi, ina sa hannu da hagu. A watan jiya na hau wani jirgi, sabo fil, na wani kamfani dabam, da hantsi. Ma'aikata hamsin a takarda, hamsin a layi, kowace fuska da hotonta. Na kira na ƙarshe, ya amsa, na rufe littafin.

Daga tsakanin motoci wata sarƙa ta ja a ƙasa.

"Injiniya," aka ce, da murya kamar ta mai ruwa a baki. "Ni ba ka kira ni ba."