Muryar Turai a Cikin Akwati

"Da gaske ne, M-m-malam?"

Turai tana tsaye a bakin zauren gidansu da ke Goronyo, ta damƙe gefen mayafinta.

Malam Maccido bai ko jingine kekensa ba. Tun da hantsi ya taso daga Wurno, zufa ta jiƙe masa riga.

"Turai, bari in zauna in yi miki bayani..."

"Da g-gaske ne?"

Ya sunkuyar da kai.

"Da gaske ne."

"M-mata nawa sunka ji?"

"Turai, don Allah..."

"Nawa?"

"Gidan cike yake. Ranar sunan ɗiyar yayana ce."

Ta jingina da bango.

Wata huɗu ke nan da saninsu. Maccido ɗan Wurno ne, amma yana koyarwa a wata babbar kwaleji can Kudu, ƙarƙashin wani likita Bature da ke nazarin matsalolin magana: masu in'ina, da yaran da bakinsu ya yi jinkirin buɗewa, da tsofaffin da shanyewar jiki ta ɗauke wa harshe. Kwalejin ce ta turo shi gida ya zagaya Wurno da Rabah da Goronyo, ya nemo irin waɗannan mutane, ya koya musu abin da zai sauƙaƙa musu, ya kuma rubuta abin da ya gani. Ya zo da takardar hakimi da wani akwati mai batir wanda ke ɗaukar murya a kan zare.

Malam Lauwali, manomin albasa, shi ya kawo masa ɗiyarsa. Shekarun Turai goma sha tara, amma mutanen unguwa da yawa ba su san muryarta ba. An yi rubutu, an yi turare, har Giyawa an kai ta wajen wata mai magani. Daga ƙarshe ta zaɓi shiru.

Maccido bai ba ta komai ta sha ba. Sau biyu a mako yakan zauna da ita a zaure, kakarta na gefe tana kaɗi. Ya koya mata ta saki numfashi kafin ta fara, ta taɓa farkon kalma a hankali, kuma in kalma ta maƙale kada ta guje mata ta nemi wata. In ta tsaya, shi ma sai ya tsaya. Bai taɓa ƙarasa mata magana ba, ko sau ɗaya.

A nan zuciyarta ta tafi. Tasa ma ba ta daɗe ba ta biyo.

Amma ranar farko, kafin duk wannan, ya ɗauki muryarta. Ya ce ta faɗi sunanta da na mahaifinta kawai. Ta yi ta kokawa da su har ta fashe da kuka, akwatin kuwa yana ta juyawa. A ranar ya yi mata alkawarin babu wanda zai ji sai shi da likitan.

"Wa ya k-kunna?" ta tambaya.

"Kyauta."

Ta san sunan. Kyauta ɗiyar ƙanwar mahaifiyarsa ce, a gidansu ta tashi, kuma kowa a Wurno ya ɗauka ita zai aura.

"Ta ga yadda nike kunna shi ranar da na ɗauki muryar Innata don wasa. Na tahi Rabah ganin wani tsoho, na bar ɗakin ba kulle. Ta fito da shi tsakar gida ta ce, ku zo ku ji surukarku tana gaishe ku..."

"Sunka yi dariya."

"Wasu sun yi. Wasu sunka ce aljani ne ke shaƙe ki."

"Inna f-fa?"

"Ba ta yi dariya ba. Tashi ta yi ta shige ɗaki. Da na dawo ta ce in bar maganarki."

Hawaye suka zubo wa Turai. Ta buɗe baki, kalmar ta ƙi fita. Leɓɓanta suka haɗe, wuyanta ya ɗaure. Ya tsaya yana jira kamar kullum, yau kuwa jiran nasa haushi ya ba ta.

"Ka yi m-mini alkawari!"

"Na yi. Laifina ne, ba na kowa ba."

"Faɗa mini gaskiya. Ni kake so, ko in'inata? Ko ni d-dai aikin kwaleji ce?"

"Haba, hasken idona! Na ƙone zaren da hannuna jiya. Na rubuta wa likita na faɗa mishi dalili. In ya ga dama ya kore ni."

"Ka ƙone zare. Ka ƙone k-kunnuwan matan Wurno?"



"Inna za ta zo nan ranar kasuwa," ya ce a hankali. "Ta ce da bakinta za ta ba iyayenki haƙuri, don kada a ce ta wulaƙanta su da aike."

Kwana uku ne tsakani. Turai ta yi su kamar mai zazzaɓi. Ta zuba gishiri sau biyu a miya. Ta je rijiya ta dawo ba guga. In ta tsuguna tana tsinke ganyen albasa sai ta ji tana maimaita gaisuwa a ƙasan maƙogwaro, ina wuni, ina gajiya, kowace tana karyewa a tsakiya.

Mahaifiyarta, Iya Fatsuma, ta lura.

"Mi kike ta gunaguni? In sun zo, ki shige ɗakin kakarki ki ja tabarmar ƙofa. Ɗiyar kirki ba ta fitowa gaban uwar mai nemanta. Kada ki ƙara mana abin faɗe."

"Iya, in na ɓ-ɓoye, muryar akwatin kaɗai ta sani."

"In kin fito kuma a ce ba ki da kunya. Wanne ya fi?"

Turai ba ta san wanne ya fi ba. Abin da ya hana ta sukuni ke nan.

Ranar kasuwa, bayan azahar, suka iso a motar lodin albasa. Daga bayan tabarmar ƙofa Turai ta hango Inna Sabuwa, mahaifiyar Maccido, doguwar tsohuwa mai baƙin zane, ba fara'a ba kuma fushi a fuskarta. Kyauta na biye da ita da ƙwaryar goro, ta sha lalle da kwalli kamar mai zuwa biki.

Aka shimfiɗa tabarma a inuwar rumfa. Aka kawo ruwa da fura. Aka yi gaisuwa mai tsawo.

"Fatsuma," in ji Inna Sabuwa, "ban zo da sharri ba. Ɗiyarku ba ta yi mana komi ba. Amma wagga magana..."

Turai ta saki numfashi. Ta ɗaga tabarmar.

"Turai!" Iya Fatsuma ta zaro ido. "Koma!"

Ba ta koma ba. Ta tako har bakin tabarma, ta durƙusa gwiwa biyu, kanta a ƙasa.

"Inna, ina w-w-w..."

Ta maƙale. Haɓarta ta hau rawa. Tsakar gidan ya yi tsit, har ana jin kaji na tono a bayan rumbu.

"Wuni," Kyauta ta ƙarasa, tana danne dariya. "Ina wuni take son cewa, Inna. In munka tsaya jiranta, mota ta bar mu."

"Ina... w-wuni," in ji Turai.

"Lahiya lau," Inna Sabuwa ta amsa, idonta a kanta.

"Na zo in b-b-b..."

"Ba da haƙuri. To an ji, tashi ki..."

"Kyauta!"

Tsawar ta sa har Iya Fatsuma ta zabura.

"Wa ya aike ki cikin bakinta? Rufe mini naki. Bari ta ƙarasa."

Kyauta ta yi tsuru-tsuru.

Turai ta sake sakin numfashi. Ta taɓa kalmar a hankali, ba ta guje mata ba.

"Na zo in b-bari ki ji ni da kunnenki. Ni ce kunka ji r-ranar suna. Ba aljani ba ne, Inna. Haka nike m-magana. Wata rana da sauƙi, wata rana da w-wuya. In kin ce a bari, an bari. Amma kada ki t-tahi kina zaton ba ni da abin faɗi."

Ta daɗe kafin ta kai ƙarshe.

Inna Sabuwa ta ajiye ludayin furar. Da ta yi magana, muryarta ta sauka ƙasa.

"Kin san mi ya sa na shige ɗaki ranar nan? Ba ke na ji ba. Uban Maccido na ji."

Iya Fatsuma ta ɗago.

"Shekara ashirin da biyu na zauna da shi, Allah ya jiƙan shi. In'inarshi ta fi taki. Ya fi limamin unguwarmu karatu, amma ko sau ɗaya ba a ba shi gaba ya ja salla ba. A kasuwa yara su bi shi suna kwaikwayo. Ƙannenshi su ƙarasa mishi magana da abin da ba shi yake nufi ba, ya dawo gida ya ƙi cin tuwo. Na ce ba ni son in ga jikana cikin wanga hali. Tsoro ne ya kawo ni, ɗiyata, ba ƙiyayya ba."

"Ni ma ina j-jin tsoron."

"To in kin haifi mai irinta fa?"

"Sai in j-jira shi, Inna."

Tsohuwar ta kai gefen zanenta ta share ido.

"Fatsuma, ɗiyarki ba ta da kunya."

"Wallahi na hana ta, Inna..."

"Da ta ji maganarki, da yanzu ina cikin mota." Ta juya. "Kyauta, miƙo goron nan. Na kawo shi na ban haƙuri, amma a kai wa Malam Lauwali, a ce maza na nan tahe. Ke kuma, ni da ke sai mun isa Wurno."

Bayan an kwashe albasar bana aka ɗaura aure. Likitan bai kori Maccido ba, sai dai ya aiko masa da doguwar wasiƙa mai zafi da ƙaramin kwaɗo na kulle akwati.

Da safen kwana na bakwai, Turai ta kawo masa kunu a ɗakinsu na Wurno. Ya karɓa yana murmushi.

"Amarya, saura darasi guda. Tun da munka haɗu ban taɓa jin kin faɗi sunana ba."

"Kuma ba za ka j-ji ba."

"Gwada mana, abar ƙaunata. Saki numfashi..."

Ta rufe fuska da mayafi tana dariya.

"Duk garin nan babu sunan da ya kai naka w-wuya a bakina. Yanzu kuwa kai mijina ne, al'ada ta hana ni faɗa. Sha kununka, maigida, kafin ya huce."