Burtali a Tsakiyar Kampama

Ranar da aka sauke bulo a Kampama, Rakiya tana bakin murhu tana talge, ƴarta Biba kuma tana kwashe shanya. Rana ta yi ja a kan tuddan yashin Gure, kaji sun fara neman makwanci. Direban kamyo, babbar motar da ta kawo bulon, bai tambayi kowa ba. Ya zube kayansa a inda ya ga fili da inuwa, wato a tsakiyar ratar da ta raba ginin biyu, ya yi tafiyarsa. Rakiya ta ajiye muciya, ta daɗe tana kallon tulin. Duk shekarun da ta yi a gidan nan, ko tabarma ba ta taɓa bari magariba ta riska a wurin ba.

Kampama masaukin baƙin gwamnati ne da aka gina bayan samun ƴancin kai. Wanda ya zana shi, a Dakar ya yi karatu, bai kuwa yi masa zaure ba. Dogon gini ne na kankare, rufinsa a shimfiɗe, ginshiƙansa sirara, bangon gabansa na bulo mai huji-huji da ke tace rana. A tsakiya aka bar faffaɗar rata, ba ƙofa ba ƙyaure, daga gabas har yamma. Masu ilimin gini sun ce don sanyi ya riƙa ratsawa ne. Tsofaffin unguwa sun ce magina ne suka ƙi ɗora bulo a wurin, mai zanen ya bi su. Marigayi Aisami, mijin Rakiya, wanda ya yi gadin gidan har ya rasu, bai taɓa shiga wannan gardama ba. Abin da ya gaya mata ranar da ta tare shi ne, in rana ta yi ja ta kwashe komai daga ratar, ta shiga ciki. Akwai masu wucewa da dabbobinsu zuwa kwari.

Haka ta yi ta yi. Wani lokaci takan ji warin shanu inda babu saniya, ko ta ga kaji sun dare biyu ba wanda ya kore su. Ba su taɓa fasa mata ko ƙwarya ba. A ranta maƙwabta ta ɗauke su, irin waɗanda ba a shiga harkarsu.

Mai aikin bulon kuwa ƙanenta ne, Yahaya. Ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsu, a gidan nan ya yi lakwal, wato karatun boko, a bangon nan ya fara zane da gawayi. Yanzu ma'aikacin gine-gine ne a Damagaram. Da baƙi suka daina sauka, rufi ya soma yoyo, aka fara maganar rushe ginin a yi rumfunan kasuwa, shi kaɗai ya tsaya. Ya yi ta sintiri Yamai har ya samo wata ƙungiyar Turawa da ta yarda a gyara shi, a mai da shi ɗakin karatu da wurin koya wa mata ɗinki. Yana son ginin da gaske. In yana maganar ginshiƙan nan har muryarsa takan sauya. Ya zauna gaban Rakiya ya ce mata ɗakunanta biyu na ƙarshen gini ba mai taɓa su muddin yana da rai. Ratar kawai za a toshe gaba da baya, ta zama babban ɗakin littattafai. Da ta tuna masa maganar Aisami sai ya yi dariya, ba ta raini ba, irin wadda ake yi wa babba da ake ƙauna.

A yammacin da aka sauke bulon, ladan bai gama kiran magariba ba dutse na farko ya faɗo a kan rufi. Rufin kankare ba ya ƙara kamar kwano. Sautin mai nauyi ne, kamar an buga ƙasa da taɓarya. Na biyu ya faɗo kusa da murhu, Biba ta ɗauka, ta ga gutsuren sabon bulo ne. Sai wurin ya yi tsit. Cikin shirun nan suka ji abin da ya fi jifa: numfashin dabbobi masu yawa a matse bayan tulin, ƙaho yana gugar ƙaho, can baya wani yana fito da baki kamar makiyayin da garkensa ya cije.

Da safe magina suka zo, suka ja zare, suka fara ɗora bango. Sun roƙi ruwa, Rakiya ta ba su, don ba ta san yadda ake hana ma'aikatan ƙanenta ruwa ba. Bango yana tashi, jifa tana ƙaruwa, kullum daga faɗuwar rana zuwa isha. Maƙwabta suka daina aiko yara ɗiban wuta.

Ran da bangon ya kai ƙirji, Rakiya ta sallame salla ta nemi Biba ta rasa. A gaban bangon ta same ta. Yarinyar da ke kwaleji, mai surutu da son waƙoƙin rediyo, tana tsaye da ƙafa ɗaya, ta ɗora ɗayar a gwiwa, ta gitta muciya a kafaɗa ta rataye hannuwa a kai. Tana kiran shanu ɗaya bayan ɗaya da Fillanci, harshen da ko gaisuwarsa ba ta iya ba.

Daga nan ta ƙi tuwo, sai nono. Da rana takan dawo hayyacinta, a galabaice, tafin ƙafarta duk faso kamar wadda ta kwana tana bin daji. Likita ya duba bai ga komai ba. Rakiya ta ji tsoro, amma abin da ya fi cinta shi ne ɓacin rai. Tun tana amarya take kwashe musu hanya, ga abin da suka saka mata da shi.

Ta aika garin Gamu aka zo da Goni Abatcha, wani ɗan ƙaramin tsoho da ya haddace Alƙur'ani a Borno, mai ƙarancin magana. Ya zaga ginin, ya tsaya a gaban bangon, ya tambayi wane ne mai aikin. Ya ce ba zai fara ba sai mai aikin ma yana zaune. Aka aika Damagaram, Yahaya ya iso cikin motar ƙungiya da la'asar, fuskarsa a rame don damuwa. Ya riƙe hannun Biba ya daɗe bai saki ba.

Da rana ta faɗi, Goni ya sa aka shimfiɗa tabarma a gindin bangon, ya zaunar da yarinyar, ya fara karatu a hankali. Duhu yana sauka, muryarsa tana nauyi. Kan Biba ya sunkuya, ya sunkuya, sannan ya ɗago, idanun ba nata ba.

"Wane ne kai, me kake nema a jikin ƴar mutane?" in ji Goni.

Muryar tsoho ce ta amsa, busasshiya, da Hausar mutanen daji. "Buraima. Ba na neman komai a jikinta, mai allo. Wurin tsayawa na rasa. Garke a bayana, bango a gabana."

Ya ce burtalin nan ya girmi garin. Ya ce magina na farko sun nemi izini, an ba su, bisa sharaɗin a bar hanya. Sannan kan yarinyar ya juyo wajen uwarta.

"Matar Aisami, da ruwan randarki aka kwaɓa simintin nan."

Rakiya ba ta san lokacin da ta amsa ba. "Ni na kwashe muku hanya tun ban haihu ba. Ku kuka kama mini ƴa."

"To wa zan kama? Mai igiyar awo ba ya kwana nan."

Goni ya tsawata masa, ya ce zalunci zalunci ne ko daga wa ya fito, sannan ya umarce shi ya faɗi abin da zai sa ya fita. Aljanin ya fara da babba: a bar masa ginin duka, a yanka baƙin sa. Goni ya ce ba za a zubar da jini don wanin Allah ba, ya koma karatu, bai ɗaga murya ba, bai kuma tsaya ba, har muryar ta fara nishi tana cewa ya isa. Suka yi ta ja-in-ja kamar masu cinikin raƙumi. A ƙarshe suka tsaya a kan magana ɗaya: a rushe bangon, a bar ratar yadda take. Shi kuma zai saki yarinyar, ba zai ƙara taɓa ɗan gidan nan ba, ko wanda zai zo karatu, kuma ba zai wuce ba sai tsakanin magariba da isha.

Goni ya dubi Yahaya. Yahaya ya ce ana iya rushewa, amma Turawan sun riga sun san ɗakunan da za a ba su. In ratar ta zauna a buɗe, dole a samar wa littattafai wuri, kuma wurin da ya rage ɗaya ne.

"Ɗakunan Yaya," ya ce.

Rakiya ba ta yi jinkiri ba. "Ɗauki. Ɗauke su duka, a sakar mini ƴata."

Sai dariya ta fito daga bakin Biba, doguwa, marar daɗin ji.

"Matar Aisami, kin yi kyauta da abin da ba ya hannunki. Ranar da kika tafi Bune gaisuwar mutuwa, ya shiga da igiyarsa, shi da wata Baturiya. Har ƙarƙashin gadonki ya auna. Ya ce nan biro, ofishin ma'aikata, can ma'ajiyar kekunan ɗinki. Da Faransanci suka yi, ba su san baƙin gidan nan sun daɗe da koya mana ba. Ta ce matar da ke ciki fa? Ya ce yayarsa ce, ba za ta yi gardama ba. Lokacin ko bulo ɗaya bai zo ba."

Goni ya ɗaga hannu. Ya ce wa Rakiya ba a kafa shaida da maganar aljani, sukan gauraya gaskiya da ƙarya. Ga mutumin nan a zaune, ta tambaye shi.

"Yahaya, ka auna?" in ji Rakiya.

Ya fara bayani. Ya ce da ya cije a kan ɗakunan da ƙungiyar ta janye, da yanzu ginin ya zama rumfuna. Ya ce yana nema mata gida a cikin gari, mai famfo, lokacin faɗa mata kawai yake jira.

"Ka auna?"

"Na auna, Yaya."

Awon bai dame ta kamar abin da ya faru yanzu a gaban idonta ba. Ya zauna yana kallonta tana miƙa ɗakunanta fansar ƴarta, ya bar ta ta miƙa, don gobe a ce aljani ne ya fitar da ita.

Goni ya sa Buraima ya rantse da Wanda ya halicce shi, ya umarce shi ya fita. Biba ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki, ta zube a cinyar uwarta. Can ta buɗe ido, ta nemi ruwa, ta tambaya yaushe Kawu ya zo.

Washegari aka rushe bangon, jifa ta ɗauke. Da labari ya kai Yamai cewa za a bar ratar a buɗe, Turawan suka yi murna, suka yaba wa Yahaya da ya kiyaye ginin yadda mai zanensa ya so.

Rakiya ba ta jira gida mai famfo ba. Ta sami ɗaki wurin dangin Aisami a bayan tasha, ta kira mai amalanke. Suna ɗaure gado Yahaya ya iso da motar ƙungiya, ya ce ya zo ya kai mata kayan. Ta gama ƙulla igiya, ta sa Biba ta hau, sannan ta juyo ta ɗan rusuna masa, yadda take yi wa manyan baƙin gwamnati a da.

"Ranka ya daɗe, mun gode. Ɗakunan a share suke."

Ta ce wa mai amalanke su tafi.