Sunan Da Inna Ba Ta Taɓa Kira Ba

"Sake faɗin sunan ƙarshen nan!"

Murja ba ta san ta ɗaga murya ba sai da 'yan matan da ke fitowa daga aji suka waiwayo. Isyaku, maigadin makarantar, ya tsaya da faifan waina a hannu yana kallonta.

"Malama, lafiya?"

"Na ce ka sake faɗa!"

Da wasa ta fara tsokanarsa: wainar me yake rabo yau, ko wata budurwar ya yi ba ta sani ba? Ya ce sadaka ce, duk shekara yana yi wa abokansa da suka rasu a yaƙin Bama. Ya shiga jero sunayensu.

"Gidaɗo," ya maimaita a hankali. "Ɗan marina ne daga Dala. Bahago, yana da in'ina..."

Littattafan hannunta suka zube ƙasa.

"Murjanatu! Hasken idona, me na faɗa?"

"Mijina ne..."

Tana amarya, ko lallen ƙafarta bai gama goguwa ba, Gidaɗo ya shiga soja. Mahaifinsa, Malam Hambali, ya ga abin kunya ne ɗan gidan mutunci ya sa gajeren wandon Nasara, don haka ya ce a riƙa cewa ya tafi fatauci Gwanja. Da aka gama yaƙi hukuma ta ce ya ɓace. Ƙaninsa Ɗantani ya ƙara gishiri a cikin gida: wai ya gudu ne, ya auri wata a can, ya bar salla. Ba zaman makoki, ba sadaka, ba addu'a. Shekaru suka shuɗe Murja ba ta ga miji ba ba ta ga gawa ba, har ta yi karatun yaƙi da jahilci ta zama malama.

Labarin Gwanjan nan shi ta ba Isyaku, kuma kunyar miji ba ta taɓa barinta ta kama sunansa ba. Sun riga sun yi magana: za ta je gaban alƙali ya raba auren, shi kuma ya turo manyansa.

"Ya mutu?" ta tambaya.

"A kan ƙafata ya cika."

"Tashi mu je ka gaya wa iyayensa."

"Murja, ki tsaya ki yi tunani..."

"Tunanin ne ya ishe ni! Kowa a birnin nan tunani yake, babu mai motsi!"

Kuma gaskiyarta. Birnin ya iya mantuwa. An kwashi 'ya'yan mutane a jirgin ƙasa ana kiɗa, waɗanda suka dawo aka miƙa musu sandar gadi. Turawa ko ba komai sukan busa begila sau ɗaya a shekara su yi tsit don nasu. A cikin ganuwa kuwa, ko Ƙulhuwallahu ƙafa ɗaya babu mai yi wa namu.

Da la'asar Isyaku ya durƙusa a zauren Malam Hambali, ya ajiye hularsa a gwiwa. Murja tana bayan asabari tare da surukarta, Inna 'Yardada, tsohuwar da duk sanda ta ji kukan jirgin ƙasa sai ta bar abin da take yi ta kasa kunne.

Ko gama gaisuwa bai yi ba Ɗantani ya tuntsire da dariya. Shi ma ya taɓa neman Murja a ɓoye, ta wanke shi tas, bai kuwa manta ba.

"Baba, ka san ko wane ne wannan? Saurayinta ne! Duk Dala an san a ƙofar makaranta suke zance. Yana son matar mutum, shi ne zai kashe mutumin da baki!"

"Gaskiya ne kana nemanta?" in ji Malam Hambali.

Isyaku ya sunkuyar da kai. "Gaskiya ne, Baba."

"To ni ba na jin shaidar mai kwaɗayi. Ɗauki hularka."

Murja ta ji Inna ta kama hannunta. Ta dubi tsohuwar. Ta leƙa ta tsakanin karan asabari ta ga Isyaku yana yunƙurin tashi, ƙafarsa mai ciwo tana gardama. In ya fita ƙofar nan za ta iya samunsa. Alƙali ba zai hana ta ba. Sai dai Gidaɗo zai tabbata ɗan gudun yaƙi, wanda ya bar salla, har tsohuwar nan ta shiga kabari tana sauraron jirgi.

"Baba!"

Murja ce ta kira, duk suka waiwayo.

"Idan kwaɗayina ne ya ɓata shaidarsa, to na cire kaina. Na rantse da Allah ba zan aure shi ba!"

"Murja!" Isyaku ya faɗa.

"Yanzu ba shi da ribar komai. Ku saurare shi."

Ɗantani ya buɗe baki, tsohon ya ɗaga masa hannu. Ya dubi asabarin, sannan ya ce, "Zauna, yaro. Yi magana."

Isyaku ya share fuska da hannun riga.

"A bakin kogin Kaladan ne, Baba. Mun wuni muna ɗauke da kaya a ka cikin kurmi, aka ce mu huta. Azahar ta yi, muka tuɓe takalma muna alwala. Babu wanda ya ji motsi, ko tsuntsu bai tashi ba. Sai kawai wuta daga ƙetaren ruwa! Sojan Jafan ne, ashe tun safe suna kwance cikin ciyawa suna jiranmu. Jibrin mutumin Gwale ko goshinsa bai gama shafawa ba. Aka same ni a cinya na faɗi cikin ruwa."

"Shi kuma ya gudu!" in ji Ɗantani.

"Ya gudu, ya kai bayan dutse, ya tsira. Sai ya ji ina kira. Ya dawo... ya saɓa ni a kafaɗa. Muna dab da dutsen aka same shi a baya."

Isyaku ya ɗago ya dubi tsohon.

"Da alwalarsa ya tafi, Baba. Da ni da wani kofur muka tona masa da wuƙar bindiga, muka fuskantar da shi alƙibla. Likkafani ne dai babu, bargona na naɗe shi da shi."

Carbin Malam Hambali ya sulale ƙasa.

"Bai bar magana ba?" Muryar Inna ce, siririya, daga bayan asabari.

"Ya bari, Inna. Ya ce shi ɗan fari ne, tunda aka haife shi ba ki taɓa kiran sunansa ba, sai dai 'kai wannan'. Yana dariya yake faɗa. Ya ce in ya koma gida sai ya ɓuya a bayan rumbu har kin gaji kin kira shi."

Inna 'Yardada ta saki hannun Murja. Ta miƙe da ƙyar, ta yaye asabarin, ta tsaya a gaban maza ba ko mayafi.

"Gidaɗo..." ta ce.

Ta sake ɗaga murya, yadda ake kiran yaro ya zo ya ci tuwo.

"Gidaɗo! Gidaɗona!"

Malam Hambali ya rufe fuska da babbar riga. Ɗantani ya sulale ya fice.

Ranar Juma'a aka yi sadaka. Aka daka gumba, aka toya waina, tsohon da kansa ya aika a kira 'yan mazan jiya. Suka zo daga Gwale da bakin Kasuwar Kurmi, mai dogara sanda da mai hannu ɗaya, wasu da lambobin yaƙi manne a kan tsofaffin riguna. Aka shimfiɗa musu tabarma kusa da malamai. Isyaku ya jero sunayen nan, liman yana bi da addu'a ɗaya bayan ɗaya.

Da aka watse ya tsaya a soron ciki. Murja ta zo, asabari a tsakaninsu.

"Rantsuwa tana da kaffara, Murjanatu," ya ce cikin raɗa. "Na tambayi liman."

"Na sani."

"To, masoyiyata?"

"Ranar da na yi kaffarar, Ɗantani ya zama mai gaskiya. Za su ce shiri muka yi. Ka dawo wa Inna da ɗanta, Isyaku... kada mu sake ƙwace mata shi."



"Gidaɗo ya ɗauke ni a kafaɗa," ya ce. "Ashe ni ma da ranar da zan ɗauke shi."

"Ina za ka?"

"Gusau. An ce ana neman masu gadi. Ba zan iya riƙa buɗe miki ƙofa kullum ba."

Ya juya ya fita. Ta tsaya tana jin takunsa, ƙafa ɗaya tana ja, har ya sha kwanar lungu.

Ta koma ɗaki ta zare warwaronta, ta kwance kitso, ta ɗaura zanen takaba. Sai a lokacin kukan ya zo.

Mata suka riƙa cewa, "Allah sarki, kukan miji take."

Inna 'Yardada ce kaɗai ta matso, ta jawo kanta ta ɗora a cinya.

"Yi kukanki, 'yar nan," ta ce a hankali. "Yi musu duka su biyun."